Babi na Biyar: Zazzaɓin Daren Allura

Wanda duk ya taɓa buɗe littafin rajistar rigakafi a ƙananan asibitocin da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bichi, ko na ƙauyukan Minjibir da Makoɗa da Ɗambatta, ya san yadda shafukan suke. Layin allurar sati 6 cike yake da sunaye. A layin sati 10 an fara samun giɓi. Kafin a kai na sati 14, gurabe da dama fayau suke. Yaran nan ba ƙaura aka yi da su ba. Yawancinsu suna nan ana goye da su a gidajen da ba su wuce tafiyar ƙafa daga asibitin ba.

Wannan ƙasa ce da jama'a suka cika tun kaka da kakanni. Gona na jingine da gona, ba a barin saura, gero da dawa da wake da gyaɗa ana nomansu shekara da shekaru a ƙarƙashin gawo da kuka da ɗorawa, da ƙarfin takin da ake kaiwa a jaki da amalanke. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya daɗe yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke ciyar da mutane masu yawa haka a kan ƙasa 'yar kaɗan. Cikowar nan ta sa asibiti ba ya yi wa mutane nisa kamar yadda yake yi wa makiyayi a daji. Amma inda gidaje suke kusa da juna, labari ba ya kwana. Jaririn da ya raba dare yana tsala kuka ranar Talata, kafin azahar ɗin Laraba an san da zancensa a wajen injin niƙa, an san da shi a gidan suna, kakarsa kuma ta riga ta yanke hukunci.

"Lafiyarsa ƙalau na kai shi," in ji uwar, "allurar ce ta sa masa ciwo." In aka tambaye ta dalilin rashin komawa, amsar gajeriya ce: "Maigida ya ce kada a kuma."

Matar nan ba ƙarya take yi ba. Ta ga jikin ɗanta ya yi zafi, ta ga cinyarsa ta kumbura, ta ga ya ƙi kwanciya. Abin da ba a gaya mata ba shi ne cewa an san hakan zai iya faruwa, an san dalilinsa, an kuma san ranar da zai wuce. Wani lokacin ma abin da aka gaya mata ya fi shiru muni, domin an ce mata rigakafi ba shi da illa ko kaɗan. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma a ganina ta kori iyaye daga asibiti fiye da yadda masu yaɗa jita-jita suka kore su. Rigakafi yana da illoli. Mafi yawansu ƙanana ne masu wucewa, kaɗan daga ciki masu nauyi ne, wasu kuma da ake ɗora masa ba nasa ba ne sam. Uwa tana da haƙƙin a bambance mata waɗannan kafin a huda cinyar ɗanta.

Abin da ke faruwa a cinyar jariri

Allurar da ta fi kowace jawo ƙorafi ita ce wadda ma'aikata ke kira Penta, wadda Najeriya ta shigar cikin jerin rigakafin yara a 2012. Ana yin ta sau uku, a sati 6 da 10 da 14, kuma tana kare yaro daga cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta da ke jawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. A cikin biyar ɗin, ɓangaren tarin shiƙa ne ke kawo yawancin zazzaɓin. Ana haɗa shi ne da ƙwayar cutar gaba ɗayanta, bayan an kashe ta. Matacciya ce, ba za ta iya hayayyafa ba, ba za ta iya sa wa yaro tari ba. Amma fatarta tana nan da sinadaran da jikin ɗan Adam ya sani a matsayin alamar maƙiyi.

A ɗauka an kawo wa 'yan sintirin ƙauye rigar wani ɓarawo da hularsa, aka ce su duba da kyau domin yana nan tafe. Ɓarawon ba ya nan, amma za a busa usur, za a tayar da matasa, gari zai kwana da hayaniya, kuma ranar da ya zo da kansa ba zai wuce bakin gari ba. Haka garkuwar jiki take yi. Fararen ƙwayoyin jini suna taruwa a inda aka yi allurar, hanyoyin jini na wurin suna buɗewa, ruwa yana tsattsafowa cikin tsoka. Wannan shi ne kumburin da jan da zafin da uwa take gani. Ƙwayoyin suna kuma sakin wasu sinadarai na aike da ke bin jini har zuwa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ke daidaita ɗumin jiki, sai ya ɗaga ma'aunin sama. Wannan shi ne zazzaɓin. Farasitamol yana sauke shi ne domin yana rage wannan saƙo da ke isa ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma ɗan sinadarin alminiyom da ake sawa a cikin allurar da gangan, domin ya ƙara jawo hankalin garkuwar jiki zuwa wurin. Shi ne yakan bar ɗan ƙullutu mai tauri a cinya, wanda kan ɗauki makonni kafin ya baje. Ba ya buƙatar matsa, ba ya buƙatar tsaga, ba ya buƙatar ruwan zafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɓoye yawan wannan ba. A lissafinta, har kusan rabin yaran da aka yi wa irin wannan allura suna iya yin zazzaɓi, kusan rabi kuma suna iya samun kumburi ko ciwo a wurin. Ke nan a cikin mata goma da suka zauna a benci ɗaya da safe, ba abin mamaki ba ne huɗu ko biyar su kwana da yaro mai rigima. Yakan fara a ranar, ya wuce cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙalilan daga cikin yara sukan yi kuka mai ƙarfi ba tsayawa har awa 3 ko fiye. Waɗanda ba su kai su yawa ba sukan yi laushi, jikinsu ya saki, su yi fari fat na ɗan lokaci. Duk wanda ya ga ɗansa a haka dole hankalinsa ya tashi, kuma ya kamata a kai yaron asibiti nan take, amma bin diddigin da aka yi wa irin waɗannan yara ya nuna suna farfaɗowa ba tare da wata naƙasa ba.

Wani ɗan boko zai ce ai a Amurka da Ingila ba irin wannan ake yi wa yara ba. Gaskiya ne. Japan ta fara sauyawa a 1981, wasu ƙasashe masu arziki suka bi ta daga baya, zuwa wani nau'i da ake ciro 'yan ɓangarori kaɗan na ƙwayar cutar maimakon gaba ɗayanta. Wannan ya fi sauƙin zazzaɓi. Sai dai daga baya an gano kariyarsa ta fi saurin raguwa, har tarin shiƙa ya riƙa dawowa a wasu daga cikin ƙasashen. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ke amfani da irin tamu su zauna a kanta. Tsada tana cikin lissafin, ba a musun haka, amma wadda ake yi wa ɗan Kunchi da ɗan Tsanyawa ba ragowa ba ce. Ta fi sa zazzaɓi, ta kuma fi daɗewa tana kariya.

Lamba, da ƙyandar da ba ƙyanda ba

Allurar BCG ta tarin fuka, wadda ake yi a dantsen hagu bayan haihuwa, tafiyarta daban ce. Wasu Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka samar da ita, aka fara amfani da ita a 1921. Ƙwayar da ke cikinta tana da rai, amma an raunana ta, kuma a cikin fata ake sa ta, ba a tsoka ba. Kwanakin farko ba a ganin komai. Bayan makonni sai ɗan ƙurji ya fito, ya yi ruwa, ya fashe, ya bushe, a ƙarshe ya bar tabon da muke kira lamba. Wannan yana faruwa ga kusan yara tara cikin goma, kuma shi ake sa ran gani. Kuskuren da ake yi a gida shi ne shafa masa toka ko man zafi ko garin kafso. Abin da yake so kawai a bar shi a bushe da tsabta. Wani yaron kaluluwa takan fito masa a hammata ta wannan ɓangaren, domin can ne ƙwayar take tafiya jiki ya yi nazarinta. Yawanci takan baje da kanta. In ta girma ko ta yi ruwa, wurin malamin asibiti za a kai ta, ba wurin wanzami ba. Wanda wannan allura ke yi wa haɗari na gaske shi ne jaririn da garkuwar jikinsa ta lalace ƙwarai, domin a jikinsa ƙwayar da aka raunana tana iya yaɗuwa. Dalilin da ya sa ake tambayar lafiyar uwa da ta jariri kafin a yi ta ke nan.

Ta ƙyanda, a wata 9 da kuma wata 15, ita ce ke rikita mutane saboda jinkirinta. Ita ma ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma sai ta ɗan hayayyafa a jiki kafin garkuwa ta san da ita. Don haka zazzaɓinta ba ya zuwa a daren allura, sai bayan kamar sati ɗaya zuwa kwana 12. Yara 5 zuwa 15 cikin 100 ne ke yin sa, kamar 5 cikin 100 kuma 'yan ƙuraje marasa yawa su feso musu. Sai a ce an sa wa yaro ƙyanda da allura. Ba ita ba ce: ba ta yaɗuwa zuwa sauran yaran gida, ba ta cin ido, ba ta sauka a huhu. Kamar yaro ɗaya cikin 3,000 yakan yi jijjiga saboda zafin jikin ya hau da sauri. Jijjigar zazzaɓi abin tsoro ce a ido, amma gajeriyarta ba ta lalata ƙwaƙwalwa. A kwantar da yaro a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kanga ƙafarsa a wuta, a nufi asibiti. Ita kuwa ƙyandar gaske, wadda tsofaffinmu suka sani da bazara tana shiga gida ta ɗauki yara biyu ko uku, tana kumbura ƙwaƙwalwar kusan yaro ɗaya cikin 1,000 da ta kama, ban da makanta da gudawa da ciwon huhu.

Akwai illa guda da kowace allura za ta iya jawowa, ko ta rigakafi ko ta magani: jiki ya ƙi wani sinadari da ke ciki nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Wannan yana faruwa kamar sau ɗaya a allurar rigakafi miliyan ɗaya, cikin mintuna kaɗan, kuma maganinsa allurar adiranalin ce da ya wajaba a same ta a duk inda ake rigakafi. Saboda shi ake cewa uwa ta zauna kamar minti 15 zuwa 30 kafin ta tafi. Na san da damina zama yana da wuya, ga abincin 'yan gona ba a ɗora ba. Duk da haka wannan ɗan zaman ba na ɓata lokaci ba ne.

Laifin hannu

Wani kaso na abin da ake kira illar rigakafi ba daga maganin yake ba, daga yadda aka adana shi ne ko yadda aka yi shi. Wannan ne ya fi ba ni takaici, domin duk ana iya kauce masa.

Yawancin magungunan rigakafi suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A Bagwai ko Shanono a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa tunaninsa kada magani ya yi zafi. Shi ya sa aka manna wa kowace kwalba wata 'yar alama, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, zafi ya lalata maganin, zubar da shi za a yi. Amma sanyi ma yana ɓarna. In aka jingina kwalbar Penta da ƙanƙara a cikin kula har ta daskare, alminiyom ɗin da ke ciki yakan dunƙule, ƙarfin maganin ya ragu, kuma ya fi barin kumburi mai taurin kai a cinya. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan bar ƙanƙarar ta fara narkewa kafin ya jera kwalabe, in kuma ya yi shakka ya girgiza kwalbar ya duba yadda take kwantawa.

Magungunan BCG da ƙyanda da shawara a bushe suke zuwa, sai an dama su da ruwansu na musamman. Da zarar an dama, awa 6 kawai gare su. Ba su da sinadarin hana ruɓewa, don haka in aka ajiye ragowa zuwa gobe don gudun asara, ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki, su kashe yaro cikin sa'o'i. Wannan ya faru a yankin Kapoeta na Sudan ta Kudu a 2017, inda yara 15 suka mutu bayan an yi kwanaki ana amfani da sirinji ɗaya da maganin ƙyandar da ba a sanyaya ba. A tsibirin Samoa, a watan Yulin 2018, jarirai biyu sun mutu saboda ma'aikatan jinya sun dama maganin ƙyanda da wani maganin sakin tsoka da ya lalace maimakon ruwa. An ɗaure ma'aikatan, amma tsoro ya riga ya shiga, iyaye suka janye. A 2019 ƙyanda ta shiga ƙasar, wadda mutanenta ba su wuce kimanin 200,000 ba, ta kashe mutum 83, galibinsu ƙananan yara.

Sai wurin da ake soka allurar. Ana yi wa jariri a gefen cinya ta waje ne saboda a ɗuwawu akwai babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, kuma in allura ta same ta ƙafar tana iya shanyewa. Yara da yawa da ake cewa allura ta shanye musu ƙafa, ko ta bar musu ƙurji mai mugunya, ba a layin rigakafi suka samo ba. Allurar zazzaɓi ce da aka yi musu a ɗuwawu a shagon kemis ko a hannun mai yawo da jaka. Amma a bakin mutane allura allura ce, duk laifin wuri ɗaya ake tara shi.

Kamfani ma yana iya kuskure. A birnin Lübeck na Jamus, a 1930, maganin BCG ya gauraya da ƙwayar tarin fuka mai ƙarfi, jarirai sama da 70 suka mutu. A Amurka a 1955 wani kamfani mai suna Cutter ya fitar da maganin shan inna da ba a gama kashe ƙwayarsa ba, mutum 10 suka mutu, kusan 200 suka shanye. Daga irin waɗannan masifu aka gina dokokin gwada kowane rukunin magani kafin ya fita, aikin da hukumar NAFDAC ke yi a Najeriya. Lambar rukunin da ke jikin kwalba don haka aka yi ta: in yara da dama suka sami matsala iri ɗaya, a san inda za a bi.

Abin da da ma zai faru

Watannin da ake yi wa yaro rigakafi su ne watannin da ciwo ya fi samunsa. Kariyar da ya gado daga jinin uwa tana raguwa. Ya fara rarrafe yana kai komai baki. Mai amosanin jini, a wajen wata 6 ne hannuwansa da ƙafafunsa kan fara kumbura. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma, lokacin da gero ya rufe gidaje, ruwa ya kwanta a kududdufai, zazzaɓin cizon sauro ba ya barin gida ko ɗaya. A ce an yi wa yara 1,000 allura a ƙaramar hukuma ɗaya a makon farko na Satumba. Ko da ruwan sha aka ɗiga musu maimakon magani, wasunsu za su kwanta a wannan makon, domin sauro ya cije su tun kwana goma da suka wuce. Amma uwa ba ta ga cizon ba, allurar ta gani.

Haɗarin wannan ruɗani kashi biyu ne. Na farko, a daina rigakafi. Na biyu ya fi gaggawa: a zauna da yaro mai zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu ana cewa na allura ne, zai wuce, har lokaci ya ƙure. Zazzaɓin allura ba ya wuce kwana biyu, kuma yaro yana kama nono ko da yana rigima. In ya haura haka, ko yaro ya ƙi nono, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi jijjiga, ko wurin allurar ya yi mugunya, to a daina lissafin allura, a je a gwada jininsa.

Tsoro ma yana da nasa aikin, musamman ga manya da 'yan mata. Tun da aka fara allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, ma'aikata sun san yarinya na iya ganin jiri ko ta suma a layi. Fargaba ce ke sauke bugun zuciya na ɗan lokaci, wani lokacin tun kafin allurar ta taɓa ta. Zaunar da ita da ba ta ruwa ya isa.

Ɗigon shan inna da abin da Kano ta gani

Ba za a yi wannan magana a ƙasar Kano a tsallake tarihi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Amma wanda ya ce mutanen Kano ba su da dalilin yin tambaya bai san abin da ya faru ba.

A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna, bayan zargin da Dakta Datti Ahmad da wasu suka yi cewa an gurɓata shi da abin hana haihuwa. An koma a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Zargin hana haihuwa bai tabbata ba, kuma 'yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau su ne ke zaune a benci da nasu jariran. A tsakanin nan cutar ta bazu daga arewacin Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20, kuma a 2006 yaran da ta shanye a Najeriya sun haura 1,100.

Abin da ya kamata a ce an bayyana wa jama'a tun wancan lokaci shi ne illar ɗigon ta gaskiya, domin yana da ita. Ƙwayar da ke cikinsa mai rai ce da aka raunana. A cikin yara miliyan ɗaya da aka haifa, kamar 2 zuwa 4 ƙwayar takan juye a cikinsu ta shanye su. Ban da haka, yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida na wasu makonni. A garin da kusan kowane yaro ya karɓa, ba ta samun inda za ta je. A garin da rabin yara ba su karɓa ba, ga gidaje a cushe, ga rijiya kusa da masai, sai ta yi ta tsalle daga wannan yaro zuwa wancan, bayan shekara ɗaya ko fiye ta dawo da ƙarfinta. Wannan ya fara bayyana a arewacin Najeriya a 2005, bayan dakatarwar, kuma yaran da ya fi shanyewa su ne waɗanda ba a yi wa rigakafin ba. An ga shan inna na asali na ƙarshe a jihar Kano a Sumaila, a Yulin 2014, kuma a 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Wanda ake fama da shi yanzu shi ne wannan juyayyen. Saboda shi aka ƙara allurar shan inna ta cinya, wadda ƙwayarta matacciya ce, aka kuma ƙirƙiro sabon ɗigo da ya fi wuyar juyewa, wanda Najeriya ce ta fara amfani da shi a Maris na 2021. Wannan bayani yana da ɗan tsawo, amma manomin da ya san bambancin irin gero da irin maiwa zai gane shi sarai in aka zauna aka yi masa.

Abin da nake roƙon ma'aikatan asibitocinmu bai kai minti biyu ba. Kafin a buɗe sirinji, a dubi uwa a ce: "Maman jariri, yau da dare jikinsa zai iya yin zafi, cinyar ta ɗan kumbura. Ki yi ta ba shi nono, ki rage masa kaya, ga yadda za ki auna masa farasitamol. In ya kai jibi bai sauka ba, ko ya ƙi nono, ki dawo da shi ko ba ranar allura ba ce. Ki gaya wa Malam haka tun kafin dare." In kakar yaron ce ta rako su, ita ma a ce mata: "Iya, kin ji abin da na ce, don Allah ki taya mu lura." In kuma uwa ta dawo da ƙorafi, a rubuta shi a takardar rahoton da aka tanada, a aika wa ƙaramar hukuma, kada a ce mata ba komai. Masu unguwanni da dagatai da limamai, waɗanda aka dogara da su a yaƙin shan inna, su ma a ba su wannan bayani cikakke su kai wa magidanta a majalisa da masallaci, domin izinin komawa asibiti a hannun maigida yake.

Daga Disambar 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, jihar Kano ce ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu, Ungoggo na cikin ƙananan hukumomin da ya fi yi wa ɓarna, kuma akasarin yaran ba su kammala rigakafinsu ba. Rigakafin wannan cuta yana cikin Penta ɗin nan mai sa zazzaɓin kwana ɗaya, amma sai an yi ta sau uku take ba da cikakkiyar kariya. Mai karatu, in a gidanka akwai yaron da aka tsaya masa a ta farko ko ta biyu, ba sai an koma farko ba, ko da watanni sun wuce. A nemo katinsa a kai shi asibiti mafi kusa, za a ɗora masa daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne.